Yadda ake ƙulla ciniki ba a ci uwar kuɗɗi ba: kaye tukuna, sannan baki, sannan aljihu

Shekarar da na fara kai albasa Yamai da kuɗɗin kaina, na sayi buhu jikka 12, wato sefa 12,000, a Tsarnawa na saida shi jikka 17 a kasuwar Katako, na hawo mota ina ta murna har muka wuce Doso ina buga riba a kai, buhu 100 kowane da jikka 5 a bisa, ai rabin miliyan kenan. Da na iso Tawa na zazzage kuɗɗin bisa tabarma na ƙirga, na sake ƙirgawa, sai na ga abin da na dawo da shi bai kai abin da na fita da shi ba. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Na zargi direba, na zargi dillali, har yaron da ya kama mani lodi sai da na zarge shi a zuciya, Allah shi yafe mani. Da safe na tafi wurin ubangidana wanda na yi ma zaman shago shekara 6, na ce Alhaji an cuce ni. Bai ce mani komi ba, ya miƙo mani kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, ya ce zauna nan, rubuta duk dalar da ta fita hannunka tun ranar da ka bar gida. Kafin in kai ƙarshen shafi na gane babu wanda ya taɓa mani ko dala guda, lissafi ne ban yi ba.

To wannan kayen nike so in miƙa ma duk wanda ke shirin zuba kuɗɗinshi cikin wani ciniki, ko albasa ce, ko bisashe, ko kayan butik, ko atamfa da mata ke saidawa ta WhatsApp. Mafi yawan asarar da na gani a kasuwa ba a kasuwa anka yi ta ba, tun a kai anka yi ta, baki ya ƙarasa, aljihu shi ne na ƙarshe da ke samun labari.

Abu na farko, kafin ka nemi ko jikka guda, ka buɗe shafi ka ja layi biyu ka raba shi gida uku. Gida na farko ka rubuta abin da ka gani da idonka. Na biyu abin da anka gaya maka. Na uku abin da kake fata. Kamar wasa ne amma gwada ka gani, za ka tarar da gidan farko kusan wayam, na biyu ya cika da "an ce", na uku kuma har ya zubo. An ce albasa ta yi wuta a Abijan, an ce wane ya gina gida da tafiya biyu, an ce bana raguna za su yi tsada a Yamai. Wa ya ce? Yaushe ya gani? Shi ya saida ko shi ma ji ya yi a fada wurin shan shayi? Gani ya kori ji, amma tunda ba ko'ina za ka iya zuwa ba, dabarar ita ce ka kira mutum biyu da ba su san juna ba a wannan kasuwar, ka tambayi kowane farashin yau, ba na satin da ya wuce ba, kuma kada ka tambayi nawa ake tayawa, ka tambayi nawa anka sallama, wa ya biya, kuɗɗi hannu ko bashi. In maganarsu ta zo ɗaya ka ɗauke ta daga gidan "an ce" ka matso da ita kusa da gidan gani. In ta saɓa ka nemi na uku. Kuma ka lura da wanda ke ba ka labarin, in yana da kamasho cikin tafiyarka to zai ba ka farashin da ya fi daɗin ji, ba don shi mugu ne ba, kowa gonarshi yake ma ban ruwa.

Abu na biyu shi ne lissafin kanshi, kuma nan zan daɗe don nan na faɗi. Ga yadda shafina ya kasance a gaban Alhaji, farashin lokacin ne, kai ka sa na yau. Buhun albasa 12,000. Buhun wofi da ɗinki da hula, wato abin rufe bakin buhu, da masu lodi 700. Kuɗɗin mota zuwa Yamai 2,000. Dillali 500. Masu saukewa 300. Tikitin kasuwa da 'yan ƙananan abubuwa 200. Kenan buhu guda ya tashi 15,700 tun ban ci abinci ba. Buhu 100 ya zama 1,570,000. Sai kuɗɗin motata zuwa da dawowa, da ci da sha na kwana 6 da na yi ina jiran a saye, da kiredin waya, 40,000. Jimla 1,610,000. To ga inda abin yake, da anka zazzage anka tsince ruɓaɓɓa anka sake cika buhunan, 92 sunka fito, 8 sun tafi bola. In ka raba 1,610,000 gida 92 za ka samu 17,500. Wannan shi ne kuɗɗin da buhu ya ci a hannuna da gaske, ni kuma na sallama 17,000 ina ta godiya ina ganin na yi ciniki. 92 sau 17,000 ya ba ni 1,564,000, na faɗi da 46,000, banda kwanakina. Da na san lambar nan 17,500 tun kafin in hau mota, da ko dai na jira kwana biyu, ko na nemi ragi a wurin saye, ko ma ban tafi ba.

Saboda haka duk cinikin da za ka shiga ka fitar da wannan lambar, ni ina ce mata ƙasan rijiya, inda in ka wuce shi uwar kuɗɗi ka fara ci. Kada ka raba da adadin da ka saya, ka raba da adadin da za ka iya saidawa. Mai albasa ya san tana ruɓa kuma tana ramewa, wanda ya zuba ta a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, tun watan Afirilu yana jiran tsadar bayan damana ya san buhunan da ya zuba ba su za ya kwasa ba. Mai raguna da ya sayo a Badagishiri ko Abalak ya sa kuɗɗin dusa da harawa da ruwa na kowace rana, ya sa wanda zai iya mutuwa ko ya karye a mota. Mai butik ya sa kuɗɗin haya, da kura wato wutar lantarki, da patanti wato harajin shago, da karton ɗin da lokacinshi zai wuce bisa kanta. Ke mai saida atamfa ki sa kuɗɗin kabu-kabu da ke kai ma mutane, da megas da kike saye don ɗora hoto, da turmin da zai kwana wata uku ba a taya ba. Kuma kowa ya sa ladan kanshi, don in kwana 6 ɗinka ba su da kuɗɗi to aikin banza kake ma kasuwa.

Na uku gajere ne amma kada ka tsallake shi. Ka tambayi kanka, in ta ɓaci fa? Mu nan mun ga abubuwa. Manyanmu na ba da labarin watan Janairu 1994 da anka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, wanda ke bin bashi ya kwana da rabin dukiya, mai kayan waje a sito ya tashi da riba. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa har sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa ma Nijar takunkumi, Ƙonni da Illela ta tsaya, gadar Gaya da Malanbil ta tsaya, motoci sunka yi layi da kaya, masu ruɓewa sunka ruɓe bisa hanya. Babu ɗan kasuwar da ya rubuta wannan cikin lissafinshi, amma wanda bai zuba duk abin da ya mallaka cikin mota guda ba shi ya tashi da wuri. Don haka ka rubuta a ƙasan shafi, in kayan nan duka sunka salwanta, gidana zai ci abinci wata nawa? In amsar ita ce ko sati ba za a yi ba, rage lodin. Kuɗɗin amana, da kuɗɗin marayu, da na ɗan'uwanka da ke bida a Abijan ko Libiya ya turo a yi mashi gini, waɗannan ba a gwada sa'a da su ko da ribar ta kai me. In kuma cinikin ya haɗa da naira, ka tuna sefa a ɗaure take da yuro, yuro guda 655.957, ita naira kuwa safe daban yamma daban, sai ka ji canjin ranar daga bakin 'yan canji kafin ka yanka farashi, kuma ku faɗa tun farko da wane kuɗɗi za a biya.

Sannan ka kwana bisa maganar. Duk wanda ya ce maka yanzu-yanzu ko ka rasa, bar shi ta wuce, sauri ya haifi nawa. Ka yi istihara, ka yi shawara, amma shawarar ma da wanda ya dace. Ni na fi son in zauna da wanda ya taɓa faɗuwa cikin sana'ar bisa ga wanda ke cikin cin riba, don na farko ya san inda ramin yake.

To yanzu kai ya natsu, sai baki. Kafin ka isa gaban mutumin ka riƙe lambobi uku a zuciya, wadda za ka fara faɗi, wadda kake so a tsaya, da ƙasan rijiyarka wadda ba ka faɗa ma kowa. Wanda ya shiga ciniki bai san ta ukun ba, zafin rana da daɗin bakin dillali za su yanke mashi ita.

Ka yi gaisuwa cikakka. Ina ganin yara yanzu su iso gaban dattijo waya a kunne su ce nawa buhu, ko sallama babu. Ina kwana Alhaji, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, wannan ba ɓata lokaci ba ne, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma cikin gaisuwar nan kake jin ko mutum a matse yake, ko kayan sun kwana, ko akwai wani mai saye da ke tafe. Bayan nan ka yawaita tambaya ka rage bayani. Yaushe anka cire ta? Ruwan ƙarshe yaushe anka ba ta? Ta sha iska kwana nawa? Ku ba ni dama in zazzage buhu guda daga tsakiya? Ka ce daga tsakiya fa, don na bakin lodi kowa ya san an gyara shi. In mutum na magana kada ka tare shi, kada kuma ka riƙa shirya amsa a ranka yana cikin faɗi, saurara har ya dire. Sau da yawa abin da zai amfane ka yana cikin jimlar ƙarshe, irin "gaskiya dai gobe nike so in koma gida", to ka ji inda ragi zai fito, kuma ka ji inda za ka kyauta mashi da kuɗɗi hannu.

In ka yi tayi anka ce albarka, kada ka yi saurin ƙari. Yi shiru kaɗan. Mutane da yawa shirun nan ne ba su iya jurewa, sai su ƙara jikka guda ba wanda ya tambaye su. Kuma kada ka kushe kayan mutum don ka samu ragi, ka faɗi aibin da ka gani da gaske ka tsaya nan, manomin Galmi da ya yi wata huɗu yana ban ruwa ba zai manta da wanda ya ce ma albasarshi shara ba, baɗi kuma za ka dawo.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi hana rigima, kuma shi anka fi tsallakewa don kunya. In an ce an sallama, kafin a sha hannu ka maimaita cinikin gaba ɗaya da bakinka a gaban shaida. Ka ce Alhaji ku saurara in faɗi yadda na fahimta, in na yi kuskure ku gyara mani. Sannan ka jero, wane kaya, guda nawa kuma da wane ma'auni, nawa, yaushe za a biya, wa ke biyan mota, in ya lalace a hanya na wa ne. Ma'aunin nan ka tsaya kanshi, buhu ba ɗaya ba ne, akwai ƙarami akwai babba akwai mai hula, tiya ma akwai shafaffa akwai mai tozo.

Sai maganar ƙirgan kuɗɗi, wadda mu 'yan Nijar ke da matsalarta ta daban. Mu da dala muke ƙirga, dala guda 5 ce a takarda, in na ce ashirin 100 nike nufi, in na ce ɗari 500 nike nufi, jikka ita ce 1,000. Zabarmawan Yamai ma da dala suke ƙirga, zangu ɗinsu ita ce ɗarinmu. Amma ɗan lakwal da ya saba da Faransanci in ya ce ɗari cikin Hausa wani lokaci 100 ta takarda ke ranshi, ɗan'uwanmu na Illela ko Sakkwato kuma in ya ce ɗari naira 100 yake nufi ba wani ninki. Dubu ta fi haɗari, dubun dala 5,000 ce, dubun takarda jikka guda ce. Na taɓa tsayawa raba faɗa tsakanin wani mai gyaran firiji da wata hajiya maƙwabciyarmu, shi ya ce dubu uku yana nufin 15,000, ita ta ji jikka 3, an gama aiki kowa na rantsuwa kuma wallahi babu maƙaryaci cikinsu. Maganin abu ne mai sauƙi, ka buga lambar bisa wayarka ka juya mashi ya gani da idonshi, 15,000, ya ce e ita ce. In bai iya karatu ba ka faɗa mashi da takardun kuɗɗi, 'yar jikka goma guda da 'yar jikka biyar guda.

Lokaci ma haka. "Gobe in sha Allah", "bayan salla", "in kaya sun fita", "ƙarshen wata", duk waɗannan ba rana ba ce. Wace salla, azahar ko layya? Ka ce in sha Allah ɗinka da zuciya ɗaya, sannan ka ɗora rana a kai, Lahadi mai zuwa ranar kasuwar Tawa bayan la'asar a shagona. In da ma'aikata ko wani kamfani kake ciniki sunka nemi fakti, wato takardar ciniki, tambayi farashin da harajin TVA ne ko babu, don TVA a Nijar 19 cikin 100 ce, a kayan miliyan guda 190,000 kenan, in ba ku faɗa tun farko ba daga ribarka za ta fita.

Yanzu rabin cinikinmu a waya yake, to ga yadda nike yi. Vokal kada ta wuce minti guda, kuma magana guda cikin kowace. In ka turo ma mutum vokal ta minti 7 wadda ta haɗa gaisuwa da ta'aziyya da farashi da ƙorafin direba, zai saurari farko ya ce to madalla, lambar da ke minti na 5 ba ta shiga kunnenshi ba. Ka gaida shi a ta farko, ka faɗi cinikin a ta biyu, sannan lambobin ka rubuta su a rubuce a ƙasa, buhu 40, 17,500, Alhamis. Ka roƙe shi ya maido maka da amsa ko da "na yarda" ce kawai. In za ka ɗora kaya a mota ka ɗauki hoton kayan, da lambar motar, ka tura tare da lambar direba. In ka tura kuɗɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza ka ɗauki hoton resi ka aje, kada ka goge hirar sai an gama komi. Kuma in kana cikin fushi kada ka danna vokal sam, aje wayar ka yi alwala ka dawo, magana zarar bunu ce, ta waya kuma ta fi muni don ana ajiye ta a tura ma wasu. Wanda kuma ya kira ka ya ce ya turo kuɗɗi cikin lambarka bisa kuskure ka maido mashi, kada ka duba saƙon da ya shigo, duba abin da ke cikin asusunka da kanka, kuma lambar sirrinka ko wa ya ce shi ne kada ka faɗa.

Sai bashi, wanda ya rufe shaguna da yawa a garin nan fiye da gobara. Ba zan ce kada ka ba da ba, wanda ya ce haka bai zauna kasuwa ba, ciniki da 'yan'uwa da maƙwabta ba ya yiwuwa sai da shi. Amma ka yanka ma kanka iyaka tun kana kai kaɗai, misali cikin kowace jikka 10 ta jarina jikka 1 kawai ke iya kwana a waje, in ta cika an rufe sai wani ya biya. Wannan iyakar ita ke ba ka bakin magana ranar da kawunka ya zo. Ba za ka ce mashi ban yarda da ku ba, Allah shi kiyaye. Za ka ce kawu wallahi gidan bashi ya cika, kuɗɗin masu kaya ne a hannuna, amma ga wannan ku riƙe ba bashi ba ne, ka ba shi abin da za ka iya bari har abada. Kyautar jikka 2 da zuciya ɗaya ta fi bashin jikka 20 da zai sa ku daina gaisawa a wurin suna.

Wanda ka ba kuma ka rubuta a gabanshi, suna, kaya, kuɗɗi, ranar biya. In ya ce haba har sai an rubuta, ka ce mashi da murmushi ai ba don kai ba ne, don mantuwa ne da mutuwa, kuma Allah da kanshi ya ce a rubuta, aya ta 282 cikin Baƙara, ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani maganar bashi take. Ban taɓa ganin wanda ya ja bayan wannan ba. Wurin karɓa kada ka jira rana ta wuce ka zo da fushi, kwana biyu kafin ranar ka kira ka gaida shi ka ce ina tuna maka jibi ne, ina da lodi ranar. In ranar ta zo babu, kada ka tozarta shi cikin mutane, ja shi gefe ka tambayi nawa zai iya yau, ka karɓa ko kaɗan ne ka rubuta, ku sa sabuwar rana. Bashin da ake taɓawa yana raye, wanda anka yi wata uku ba a ambata ba ya fara zama kyauta a zuciyar mai shi.

In kuma kai ne ka gaza, kaya ba su iso ba ko kuɗɗin mutane sun maƙale, riga shi kira. Wannan na koya da wuya. Akwai lokacin da mota ta lalace da kayana tsakanin Dogon Dutsi da Doso, mai jiran kayan na ta kira ni kuma kunya ta hana ni ɗauka har kwana biyu. Da na je daga baya ya ce mani, ɗana ba lalacewar mota ta ɓata mani rai ba, mota ƙarfe ce, shirunka ne, da ka gaya mani da na nemi wasu na ba masu jirana. Ya yi gaskiya, kuma shekara guda bai sake ba ni oda ba. Tun ranar in abu ya faru nike kira in faɗi abu uku, ga abin da ya faru, ga abin da nike yi a kai yanzu, ga lokacin da zan sake kiranku, kuma lokacin na yi in kira ko da babu sabon labari.

Aljihu biyu kuma dole ne. Kuɗɗin shago daban, na cefane daban. Ka yanka ma kanka abin da za ka ɗauka kowane sati kamar albashi, in gida ya buƙaci ƙari ka rubuta shi bashi bisa kanka cikin kayen nan dai. In kasuwa ta fara girma har kana son oda daga ma'aikatu ko ƙungiyoyi, ka yi takardu, rajistar kasuwanci wato RCCM da lambar impo wato NIF, a Yamai Maison de l'Entreprise ake zuwa, in kana Tawa ka fara tambaya a ofishin Chambre de Commerce su nuna maka hanya. Ba tare da su ba babbar oda za ta wuce ta gabanka ta tafi wurin wanda kayanshi ba su kai naka ba.

Bayan kowace tafiya, kafin ka shiga wata, ka koma shafin da ka yi lissafin farko ka ja layi a gefe ka rubuta abin da ya faru da gaske kusa da abin da ka zata. Na zaci kwana 3 na yi 6. Na zaci buhu 4 za su ruɓe 8 sunka ruɓe. Ka rubuta da sunan wanda ya ba ka farashi da ko maganarshi ta fito daidai, bayan tafiya biyar za ka san wayar wa za ka riƙa kira da wadda za ka bari. Ni daren Juma'a nike wannan aikin bayan isha'i, in rufe shago in rage fitila guda, kaye da bik da kalkuleta ta waya, minti 30 ya isa. Yanzu ɗan yayata da ke zama mani shago shi ke karanto lambobin ina bugawa, satin da ya wuce ma shi ya gano mun manta ba mu sa kuɗɗin ɗinkin buhu ba cikin lodin Madawa, 200 sau 60, muka gyara farashin kafin motar ta tashi.